Yaron Alhaji Hamma

Yashin da ya maƙale a tafin hannun Alhaji Hamma bai kai cikin cokali ba, amma shi ya raba Malam Ɗantsoho da kiran salla har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ranar kasuwar Zango ce, a kakar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya ɗauki zafi da wa'azi, duk lasifikar da ka saurara zancen algus take yi da tauye mudu, kuma kowane ɗan kasuwa yana neman inda zai nuna cewa shi ma mai tsoron Allah ne. Malam Ɗantsoho, ladanin ƙauyen Tudun Gawo, ya kawo riɗinsa buhu biyu a amalanke, ɗansa Mainasara yana kora shanun. Alhaji Hamma, wanda a lokacin bai daɗe da fara sayen riɗi ba, ya ɗauko ƙarfen nan mai tsini da rami a ciki da ake sukar buhu da shi don a ga abin da ke ciki. Ya soki baki, ya soki tsakiya, sannan ya sunkuya ya soki gindin buhun. Ya zazzage a hannunsa, ya murza, ya karkata hannun riɗin ya zube, ya ɗaga tafin sama.

"Jama'a, ku zo ku gani," in ji shi, da murya irin ta mai tallan magani. "Ga furfura, ga carbi a wuya, ga kuma algus a gindin buhu. A wannan zamani da muke ciki."

Mutane suka yanyame su. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi, Malam Ɗantsoho kuwa ba mutum ba ne mai iya kare kansa a cikin taro. Abin da ya faru shi ne, babbar tabarmar da yake kaɗe riɗi a kanta an are ta zaman makoki a makwabta, shi kuma ya ga kwanson ya fara tsagewa, ya ji tsoron iska, sai ya share ƙasa ya kaɗe a kai. Abin da ya iya faɗa a kasuwar kawai shi ne, "Allah ya sani." Suka mayar da buhunan amalanke, suka juya.

Labari ya riga su isa gida. Kafin Juma'a dattawan masallaci suka same shi cikin ladabi, suka ce ya ɗan huta, wani ya riƙa kira har ƙura ta lafa. Ƙurar ba ta lafa ba. Yara suka sa masa Ladan Mai Yashi, iyayensu suna tsawata musu da baki suna dariya a ciki. Mainasara, wanda ɗakinsa ke jikin na tsohon, yakan ji shi da asuba ya yi gyaran murya kamar zai fara, sai kuma ya yi shiru yana sauraron muryar wani. Damina biyu ya ƙara a duniya, bai sake taka kasuwa ba.

Washegarin sadakar arba'in Mainasara ya wanke rigarsa, ya gaya wa matarsa Murja cewa Zango za shi neman aiki wurin Alhaji Hamma.

Ta ajiye taɓaryar da ke hannunta. "Wurin wa? Maigida, ko ban ji daidai ba ne?"

"Daidai kika ji."

"Mutumin da ya kashe Malam a tsaye? Me za ka ce wa mutanen gari?"

"Ba zan ce musu komai ba. In da gatari na tunkare shi, kurkuku zan tafi, shi kuma a ce ya yi shahada. Ni so nake ya zauna da ransa da lafiyarsa, kasuwa ta cika tana kallonsa, kamar yadda ta kalli Malam. Kafin nan kuwa dole in san abin da yake tsaye a kai."

Daga ranar Murja ta fara tsoron shirun mijinta. Mutanen Tudun Gawo kuwa suka yanke hukunci cewa Mainasara ba shi da zuciya. Ya bar su a kan haka, don ya fi masa amfani.

A shekara biyun nan Alhaji Hamma ya bunƙasa. Ya gina sito, ya kafa rumfar kwano mai faɗi, mata masu bakace riɗi sun kai ashirin a bayanta. Ya dubi ƙirjin Mainasara da damatsansa, ya tambaye shi garinsu, bai tambayi ɗan wane ne ba, ya ce ya shiga cikin masu dako.

Su masu nasara suna da wani ciwo guda: ba abin da suke so irin a tambaye su yadda suka yi. Mainasara ya gano haka tun a watan farko. Idan aka tashi daga aiki sauran 'yan dako suka nufi mai shayi, shi sai ya durƙusa gefen kujerar Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai wani abu ya ɗaure mini kai." Shi ke nan, an buɗe famfo.

"Masu sayen riɗi da yawa wawaye ne," Alhaji yakan ce, yana kaɗa ƙafa. "Sai kaka ta yi suke tuna akwai manomi. Ni kuwa da shuka nake sayen riɗina. Ruwan farko ya sauka, ina kan babur. In je gonar mutum, in tsuguna a kunyarsa, in tambayi lafiyar uwarsa. In ya miƙo ruwa ko da ja ne kamar kunun kanwa, in shanye. Ranar da riɗinsa ya nuna, ƙafarsa da kanta za ta kawo shi nan."

Wata rana kuma ya ce, "Matan nan masu bakace, kada ka yarda rana ta faɗi ba ka sallame su ba. Su ne rediyon ƙauyuka. Abin da suka faɗa a kanka a bakin rijiya, shi ne sunanka."

Akwai kuma ƙa'idar da ya fi nanatawa. "Kada ka kuskura ka soki buhun mutum a gaban jama'a. Ja shi bayan rumfa, daga kai sai shi. In ka ga yashi, ka ce iska ce ta yi masa ɓarna, ka sa a bakace, ka ba shi aron tamfol na baɗi. Ya zama naka har ya mutu."

"Allah ya ƙara basira, ranka ya daɗe," Mainasara yakan amsa, idonsa a ƙasa. A zuciyarsa kuwa cewa yake, ashe ka sani. Ka san yadda ake rufa wa mutum asiri, ubana ne kawai bai cancanta ba. Ƙiyayyarsa ba ta taɓa raguwa ba ko da na yini guda, ko a shekarar da Alhaji ya saya masa babur, ko a ranar da ya zo sunan ɗansa da rago. Ya karɓi ragon, ya yi godiya har ƙasa, ya ƙi cin naman.

Daga dako ya koma ɗinkin buhu, daga nan ya koma kan sikeli. Ya koyi gane riɗin da aka yanka bai ƙosa ba daga launinsa, ya koyi gane wanda ya sha raɓa daga warinsa. Ya raka lodi kasuwar Dawanau ta Kano sau ba adadi, ya san manyan masu saye, su ma suka san fuskarsa. A shekara ta biyar ciwon suga ya kama Alhaji a ƙafa, hawa babur ya gagare shi. Da ruwan farko ya sauka, sai ya kira Mainasara.

"Ka san hanyoyin, ka san mutanen. Je ka gaishe mini da su."

Mainasara ya je. Ya tsuguna a kunyoyi, ya sha jan ruwa, ya raba tamfol, ya halarci suna da jana'iza daga nan har ƙauyukan bakin iyaka. A shekarar farko yakan ce, "Alhaji na gaishe ku." A ta biyu sai an tambaya yake faɗa. A ta uku ba mai tambaya. Manomi mutum ne mai riƙe fuska, kuma fuskar da yake gani a gonarsa ita ce tasa.

Sai kuma Allah ya kawo masa Yazid, babban ɗan Alhaji, wanda ya gamo karatun kasuwanci a Katsina ya dawo da tabarau da mota mai baƙin gilashi. Uban ya ɗora shi a kan rumfa. Yazid ba mugu ba ne, sauri ne da shi, kuma yana ganin zagayawa bayan rumfa da kowane manomi ɓata lokaci ne. Ya tambayi Mainasara ra'ayinsa.

"Ai ku ne kuka yi karatun," in ji Mainasara. "Mu abin da muka tarar muke yi. Ka gwada naka tsarin mana, Alhaji ƙarami."

Yazid ya gwada. Ya riƙa sukar buhu a bakin titi, a gaban kowa, yana faɗin abin da ya gani da ƙarfi. Ya mayar da sallamar mata masu bakace ƙarshen mako. Duk wanda ya fito ransa a ɓace, zai tarar da Mainasara a gindin dalbejiya yana jiransa da ruwan sanyi da ban haƙuri. Alhaji yana gida ƙafa a kan matashi, abin da yake ji kawai shi ne komai lafiya.

A shekara ta tara riɗi ya yi daraja irin wadda ba a taɓa gani ba. Wani kamfanin masu fitar da kaya waje ya nemi Alhaji Hamma ya cika masa tirela uku a makon farko na kaka. Alhaji ya kira Mainasara ya tambaye shi ko za a samu.

"Riɗi kam akwai shi, ranka ya daɗe. Bana ko tirela biyar aka ce, ƙasar nan za ta cika."

Bai yi ƙarya ba, shi ya sa muryarsa ba ta yi rawa ba. Alhaji ya ɗaga waya ya ba da kalmarsa a gaban shaidu, ya kuma baza labari a majalisa, don shi ba ya iya cin daɗi shi kaɗai. Abin da bai sani ba shi ne, tun watanni uku da suka wuce wani attajiri a Dawanau ya ba Mainasara sikeli da buhuna da jari, kuma an riga an kama masa rumfa a ɗaya bakin kasuwar.

Ana saura mako guda a fara kaɗe riɗi, Mainasara ya zo ya durƙusa, ya ajiye makullin babur da na sito, ya ce yana neman albarka zai gwada tsayuwa da ƙafarsa. Alhaji ya sa masa albarka, don a ganinsa ƙaramar rumfa ce za ta ɗan tsinci abin da ya zube daga tasa.

Ranar kasuwar farko ta kaka, amalanke da babura da jakuna suka riƙa shigowa Zango tun hantsi. Suna isowa daidai rumfar Alhaji Hamma sai masu su su kau da kai, su wuce. Mati, wani manomi da ya shekara goma yana kawo wa Alhaji kaya, har ya tsaya ya gaisa da Yazid, ya tambayi jikin tsoho, sannan ya ja jakinsa ya yi gaba. Matan bakace kuwa tun da safe suka kwashi fayafayansu suka koma sabuwar rumfa.

Tirelolin kamfani suka iso ranar da aka yi alkawari, suka jeru a bakin titi. Yini uku suna nan, direbobi suna barci a ƙarƙashinsu, awaki suna shan inuwa. Abin da Yazid ya iya tarawa bai rufe ko ƙasan ta farko ba. Aka ɗauko Alhaji a mota aka zaunar da shi a rumfa, wai ko ganinsa zai sa mutane su ji kunya. Suka ji kunyar, suka gaishe shi daga nesa, suka wuce. Mainasara yana hango shi daga kan sikelinsa, ya ga yadda kasuwa take satar kallon tsohon tana ƙus-ƙus, ya ji wani daɗi mai sanyi yana ratsa shi har yatsun ƙafa. A rana ta huɗu tirelolin suka juya, suna ta kwaramniya a kan titin Daura saboda ba komai a cikinsu.

"To, ka samu abin da kake so," in ji Murja da ya koma gida. "Sai ka ci abinci kamar mutane."

"Saura ƙiris. Ya ji zafin, amma bai san na mene ne ba. Sai na gaya masa da bakina."

Bayan kwana biyu, da la'asar sakaliya, ya sa sabuwar shadda ya nufi rumfar. Maganar da zai faɗa ya shekara tara yana gyara ta, ya san inda zai ɗaga murya da inda zai sauke. Ya tarar da Alhaji shi kaɗai a kan tabarma, ya jingina da buhunan da ba su kai goma ba, ƙafar nan a kumbure. Ya faɗa ƙwarai a 'yan kwanakin, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"A'a, Mainasara. Ƙaraso mana, zauna." Ya matsa masa gefen tabarma. "Ka kwantar da ni, ɗan nan. Ban taɓa jin kunya irin ta makon nan ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma jiya na ce wa Yazid, buɗe idonka ka ga yadda ake sana'a. Ka bari sai da na ba da kalmata sannan ka zame. Ko ni a ƙuruciyata iyakar abin da zan yi ke nan."

Mainasara bai zauna ba. "Alhaji, ka san ko ni ɗan wane ne?"

"Ɗan Tudun Gawo mana."

"Ɗan Malam Ɗantsoho ne ni. Ladan."

Alhaji ya ɗaga ido yana lalube. "Ɗantsoho. Mai shanun nan da ke kawo gyaɗa?"

"Ba shi da shanu sai na aro." Daga nan Mainasara ya shiga zayyanawa. Ya faɗi ranar, ya faɗi buhu biyun, da yashin, da tabarmar da aka ara, da sunan da yara suka sa, da yadda tsohon ya mutu bai ƙara kiran salla ba. Bai faɗe su yadda ya tsara ba, sun fito ne a hargitse. "Saboda shi na zo wurinka. Saboda shi na durƙusa maka shekara tara. Tirelolin nan da suka koma wayam, nasa ne."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Mainasara ya jira ya ga fuskar ta rushe. Sai ya ga ta washe, irin ta wanda ya tsinci abin da ya daɗe da ɓata.

"Af, tsohon nan mai carbi. Na tuna. Wallahi a kansa na koyi sana'ar nan. Ka san bayan ranar, kasuwa uku a jere ba dattijon da ya kawo mini ko mudu? Duk tsoron ƙarfena suke. Na zauna na yi tunani, na ce Hamma, ka yi wauta, ka nuna taƙawa ka kori ciniki. Daga nan na fara jan mutane bayan rumfa." Ya girgiza kai cikin mamaki. "Ashe mahaifinka ne. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ka ga ikon Allah, shi ya koya mini, ni na koya maka. Ashe abin gida ya koma."

Mainasara ya zo da wuƙa ne ya soki mutum, mutumin ya karɓa ya yaba kaifinta.

Ana haka wani baƙo ya yi sallama, mutumin Baure ne da ke son shiga sayen riɗi, an ce masa ya nemi shawarar Alhaji Hamma. Nan take tsohon ya gyara zama, ƙarfi ya dawo masa.

"Ka zo a daidai. Ka ga wannan? Duk riɗin ƙasar Zango bana a hannunsa yake. Yarona ne, daga dako na ɗauko shi. Duk abin da ka ga yana yi, a gindin kujerata ya ji shi. Ko ba haka ba, Mainasara?"

Baƙon ya juyo ya miƙa wa Mainasara hannu biyu cikin girmamawa. "Ai mun ji labari har can. Yaron Alhaji Hamma. Allah ya sa mu ma mu dace da irin wannan tarbiyya."

Alhaji ya dafa buhu yana ƙoƙarin miƙewa don ya kai baƙon cikin sito. "Af, kafin in manta," in ji shi, "me ma ka ce sunan marigayin? In sa shi a addu'a."

Mainasara kallon ƙasa yake, inda ƙafar tsohon mai kumburi take laluben takalmi a bakin tabarma ba ta samu ba. Kafin ya ankara ya riga ya sunkuya, da sabuwar shaddarsa da komai, ya jawo takalman ya daidaita masa su.